Kyamarar da Ta Ƙi Yin Shiru

Mijina Douwe gyaran keke ne sana'arsa, amma a ƙauyenmu na Friesland an fi saninsa da kyamara. Kowace shekara ranar huɗu ga Mayu, idan muka taru gaban dutsen tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, shi ke ɗaukar hoto. Kyamararsa ta ƙarfe ce, nauyi kamar dutsen guga. Da hannu yake saita haske da nisa, da babban yatsa yake tura fim, in ta ɗauka kuwa ko na kusa da shi ba ya ji.

Sai ido ya fara ba shi kunya. Hotunan bara ko fuskar fasto ba ka ganewa. Hiltje, shugabar kwamitin taron, ta ce in na bana suka lalace za a nemi wani. Ni kuwa na san in aka raba mutumin nan da wannan aiki, an gama da shi.

'Yarmu Baukje ta kawo masa sabuwar kyamara ta roba, mai yin komai da kanta.

"Baba, dannawa kawai za ka yi."

"To ni mene ne amfanina? Wannan ai kwanon sabulu ne."

"Kai dai taurin kai zai kashe ka," na ce. "Karɓi, don Allah!"

Ranar taron, tun wajen jerin gwano yake ta ɗauka da ta robar. Aka busa ƙaho, gari ya yi tsit don shirun minti biyu. Douwe ya danna. Ashe fim ya zo ƙarshe, shegiyar kuwa ba ta shawara da kowa. Ta hau naɗe fim ɗinta, ƙiiii, kamar injin markaɗe. Ya lalubi wurin kashewa, babu. Ya cusa ta cikin kwat, ba ta fasa ba. Kowa ya juyo, har tsofaffin da sunayen 'yan'uwansu ke jikin dutsen. Kunya kamar in nutse.

Abin haushi, da aka wanko hotunan tar suka fito, rabonsa da irinsu an daɗe. Hiltje ta zo har gida tana fara'a, ta ce a manta da zancen ƙarar kyamarar, baɗi ma shi zai ɗauka.

Ya daɗe yana jujjuya hotunan, sannan ya tura mata kyamarar a kan tebur.

"Ita za ki gaya wa. Ba ni na ɗauka ba."