Farin Gwangwanin Yaya Ladi

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayata Ladi, mai gato, wato kek, ta bakin tashar Gazawa. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kanta, kullum sai in ji babu ƙarfi. Yanzu ma ba ƙarfin ne ya zo ba. Gani na yi waɗanda suka san ta suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun da sauran mai ji.

Yaya ba ta yi suna da komai ba sai da gatonta, kuma duk wanda ya san aikin ya san ba a ƙullu sirrin yake ba, a gwangwanin gashi yake. Manyan gwangwanayen wani maƙeri ne ya lanƙwasa mata, ƙananan kuwa na madara ne da aka yanke musu baki. Kafin ta zuba ƙullu sai ta shafa musu wani haɗi nata da muke kira shafi. Ludayi guda na man gyaɗa, ludayi guda na kitsen saniya da ta narkar ta tace, ludayi guda na fulawa tankaɗaɗɗiya. Ta yi ta kaɗawa da maburgi har ya yi fari ya yi kauri kamar kindirmo, sannan ta juye a ƴar tukunyar ƙasa ta ajiye gindin randa inda ke da sanyi. Da gashin zabo take shafawa, siriri, tana bin kowace kusurwa. In kitse ya yi yawa gato ya yi ƙarni, in fulawa ta yi yawa ya fito da farin gindi, ita kuwa ko ɗaya ba ta yarda ya fita daga gidanta.

Doka ɗaya gare ta: ba a wanke gwangwanin gashi. Da ɗuminsa take goge shi da tsumma ta kife. Shekara da shekaru shafi na hawa kan shafi, wutar tanderu na gasa shi, har cikin ya yi baƙi wuluk ya yi santsi. Sai ta kifa gwangwani ta ɗan ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, gato ya faɗo tafin hannunta ko gefe bai gutsure ba. Yau ƴan mata na sayo tire masu baƙin fenti daga kantunan Maradi, wai su ba sa kamu. Na san abin da Yaya za ta yi da ta gan su. Za ta juya tiren, ta ɗan kankare shi da farce, ta mayar wa mai shi ba tare da ta ce uffan ba, wanda kuma ya fi zagi ciwo in ka san ta.

Tana da ƙawa tun suna ƴan mata, Hasiya, wadda aure ya kai Cadawa. Ko sunan juna ba sa kira, sai dai “ƙawa”. A gefen tanderun Yaya ne Hasiya ta koyi gashi, ta san shafi, ta san dokar gwangwani kamar yadda na san ta.

Sai lokacin jam'iyyu ya zo. Bayan babban taron ƙasa kowane gida ya kafa tutarsa, maza suka rungumi rediyo, kowa na maganar canji. Mu mata, in gaskiya za a faɗa, ba mu san abin da ya raba wannan jam'iyya da waccan ba in ban da launin zanen da ake rabawa. Mijin Yaya, Malam Sale, ya bi ɗaya, mijin Hasiya ya bi wata, kuma kowannensu ya riƙe tasa kamar shi ya haife ta.

Ana cikin haka Hasiya ta zo da kanta aron gwangwanaye. Mijinta zai sauki baƙin jam'iyyarsu ranar miting, wato taron gangami, tana so ta fita kunya. Malam Sale ya yi ta gunaguni, wai kayan gidansa ba za su gasa wa ƴan hamayya abin kai wa baka ba. Yaya ta bari ya gama, ta ce, “Malam, gwangwani ba shi da katin jam'iyya.” Ta haɗa su duka, har da tukunyar shafi da gashin zabon, ta raka Hasiya tasha. Ba ta ja mata kunne kan komai ba, don ba a ja wa wanda ya sani kunne.

Bayan miting wani direban taksi ya kawo kayan. Ina nan a tsakar gida. An ƙulle su cikin sabon zane, da ɗan wake na godiya a sama. Yaya ta kwance ƙullin, sai hasken rana ya doke mu a ido. Gwangwanayen sun koma fari fat. An dirje su da rairayi da toka har ƙarfe ya fito tsirara, baƙin shekaru duk ya tafi. Ban taɓa ganin Yaya ta zauna a ƙasa babu tabarma ba sai ran nan. Ta daɗe tana jujjuya ɗaya a hannunta.

Washegari ta gwada. Ta shafa shafi kamar kullum, amma ƙarfen duk ya karce, ƙullu ya samu wurin kamawa. Da wuƙa muka riƙa ciro gato gutsi-gutsi. Matafiyan da suka saba tsayawa wurinta kafin su tsallaka iyaka suka leƙa faranti, suka wuce gaba.

Malam Sale ya samu abin da yake nema. Ya ce aikin jam'iyya ne, da gayya aka yi don a karya sana'ar gidansa, ya kuma rantse Yaya ba za ta taka Cadawa ba. Kafin kasuwa ta zagayo duk Gazawa ta ɗauka. Har ni zuciyata ta ɗan karkata, don na san Hasiya ba jahilar gwangwani ba ce. Yaya ce kaɗai ba ta yarda ba. Ta kira ni ta nuna mini cikin ɗaya, ta ce, “Dubi kusurwa. Da tsinke anka bi ta. Mugu ba ya zama shi yi wanga wahala.” Na ce to ta aika a tambaya mana, tunda ba za ta je ba. Ta girgiza kai. “In na tambaya, na tuhume ta ke nan. Ita za ta taho ta hwaɗa mini.”

Haka ta shiga jira, tana kuma gyara. Ta shafa wa gwangwanaye shafi, ta sa su tanderu babu komai a ciki, ta fitar, ta goge, ta sake shafawa. Duk daminar nan cikin hayaƙin ɗanyen itace ta yi ta, tana tari tana hawaye. A hankali suka yi ja, suka yi duhu, gato ya fara fita lafiya, masu saye suka fara dawowa. Guda ɗaya ta ware, babban mai zagaye da take yi wa amare gato a ciki. Shi ba ta shafa masa ba, sai ɗan mai da take goga masa don kada ya yi tsatsa, ta rataye shi a bangon ɗakin girki. Na tambaye ta dalili, ta ce wannan na ƙawa ne, ita za ta shafa masa da hannunta ranar da ta zo.

Aka yi zaɓe, aka gama, Hasiya ba ta zo ba. Duk ranar kasuwa Yaya kan tsaya bakin tasha ta fi yadda ciniki ke bukata, tana duban masu saukowa daga motocin yamma. Tarin kuma bai sake ta ba. Ba na ce hayaƙi ne ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare, amma na ga yadda ta rame a shekarar nan, kuma ba duka ciwo ba ne. Da kaka, ana cikin yankan gero, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku Hasiya ta shigo. Ta yi gaisuwa, ta ja ni gefen ɗakin girki, a nan ta faɗa mini. Uwar mijinta ce ta dirje su, tsohuwa daga Gidan Sori, da ta zo don taron. Ta ga baƙaƙen gwangwanaye a tsakar gida an shirya mayarwa, ta ce abin kunya ne a mayar da kayan aro a haka, mutanen Gazawa za su ce gidan ɗanta ƙazamai ne. Ta tsuguna da rairayi da toka da tsinke, ta yini tana dirza da ƴan yatsunta masu ciwo. Lokacin da Hasiya ta fito daga wurin baƙi an ci rabi.

“Uwar miji ce hwa,” ta ce mini. “Ina ni ina ce mata bari? Kuma in taho Gazawa in ce ita ta ɓata, da bakina? Na yi ta jira ƙawa ta aiko ta tambaye ni, in samu inda zan hwara.”

 Na ɗaga hannu kawai na nuna mata bango. Na ce, “Yaya Hasiya, ga naki nan. Ta ce ke za ki shahwa mishi.”

 Ta ɗaura gyalenta a ƙugu ta ce in miƙo maburgi. A gidan makoki, mata na leƙe suna ƙus-ƙus, ta narka kitse, ta auna man gyaɗa da fulawa, ta kaɗa, ta hura tanderun da ya kwana uku babu wuta. Tana shafawa tana kuka marar sauti, kuma ba ta tsallake kusurwa ko ɗaya ba.

Ba a rufa shekara ba jam'iyyun nan biyu suka haɗa kai. Da idona na ga Malam Sale da mijin Hasiya kan tabarma guda a wurin miting, suna raba goro suna dariya. Babu wanda ya tuna ya taɓa hana matarsa hanya. Tun daga nan mun ga zaɓe, mun ga soja, mun sake ganin zaɓe, har na gaji da ƙirga. Kowa ya hau sai ya ce zai wanke komai tas. In na ji haka a rediyo sai in tuna tsohuwar Gidan Sori, wadda ba ta nufi kowa da sharri ba. Ban san abin da Yaya za ta ce da wannan zamani ba. Ina jin za ta tambaya ko har yanzu ana samun kitse mai kyau wurin mahauta, ta ci gaba da aikinta.

To me ya rage nata? Rumfarta ta bakin tasha yanzu mai gyaran babur ne a ciki. Ƴaƴanta sun watsu, wasu Maradi, wasu ƙetaren iyaka. Ƴan mata masu gato a unguwarmu na cewa “haɗin Ladi” in za su kaɗa mai da kitse da fulawa, ba su san ko Ladin mutum ce ba. Sauran gwangwanayen sun ɓule, an zubar.

Babban mai zagayen yana wurina. Hasiya ta riƙa zuwa duk kaka tana ƙara masa shafi, har ƙafafunta suka gaza, ita ma ta bi ƙawarta. Ban taɓa sa masa ruwa ba. Yau ya yi baƙi wuluk, ƙwanƙwasa ɗaya gato ke faɗowa. Cikin duk gwangwanayen Yaya shi kaɗai ya rage, kuma shi kaɗai ne ba ta taɓa ganin sabon baƙinsa ba. Allah ya jiƙan su, su biyun.