Iya Ta Kira Sunanki, Adda

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agustan 2025, gero ya fara fitar da kai, Allah ya karɓi ran yayata Dokta Nazifa Is'haƙa a gidanta na Dogon Dutsi, bayan ciwon ƙoda ya daɗe yana cin ta a hankali. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abokan aikinta na jami'a a Yamai sun yi nasu rubutun da Faransanci, sun jero binciken da ta yi a kan tarbiyya da halayen yara. Ni Faruku ƙaninta ne kawai, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri, kuma abin da zan faɗa ba ya cikin jerin nan.

Adda, ni na fi kowa tsokanarki. Likitar da ba ta allura, haka nake ce miki. Kin bar rugarmu ta bayan Kore Mairuwa, kin yi karatun halayyar ɗan Adam har ƙarshensa, sai ga ki kin dawo kina hawa kabu-kabu daga wannan ƙauye zuwa wancan, kina zama a tabarmar mutane kina kallon yadda uwa take korar ɗanta daga bakin murhu. Na ce wannan kuma aiki ne? Kika ce in jira in haifi nawa.

Yaran da kowa ya gaji da su kike nema: mai duka, mai gudun lakwal, mai ƙwace abin hannun ƙannensa, wanda aka ce iska ta taɓa shi. Shekara da shekaru kina bin gidajensu, kuma abin da kika riƙa tararwa, kamar yadda kika sha faɗa a rediyo, shi ne da yawansu ba su jin sunansu a bakin iyaye sai sun yi laifi. Yaro kuwa yana son a kula da shi. In bai samu da daɗi ba, zai nema da tsiya.

Ba na mance Iro, mai sayar da hatsi a kasuwar Tibiri. Ɗansa Huzaifa ya fasa wa wani yaro kai a ajina, an kai shi ruƙiyya, kakarsa ta kai shi wajen 'yan bori a ɓoye, bulala kuwa ba a magana. Ni na kai ki gidan. Ba ki duba yaron ba ma, uban kika tambaya yaushe rabon ya kira shi ba don faɗa ba. Iro ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, ɗan farina ne fa. Mi kika so mutane su ce?" Ba ki yi masa wa'azi ba. Kika ce to ya bar sunan, ya riƙa tafiya da shi kasuwa, ya ba shi riƙon bakin buhu, in ya riƙe da kyau ya dafa kansa a gaban mutane. Huzaifa bai zama waliyyi ba, har gobe da taurin kansa, amma ya gama lakwal. Iro ya zo gaisuwar rasuwarki.

Ba kowane gida aka dace ba, kuma ba ki ɓoye ba. Waɗanda suka gagare ki ma kin rubuta labarinsu. Ba ki taɓa zagin alkunya ba. Da 'yan birni suka so ki ce al'adar jahilci ce, kin ƙi, kika ce so ne ya lulluɓe kansa, matsalar dai yaro bai san abin da ke cikin lulluɓin ba.

Mu 'yan gida mun san inda wannan magana ta samo tushe. Ke ce 'yar fari. Tun da kika zo duniya Iya ba ta taɓa kama sunanki ba. "Waccan," take cewa, ko "mai Yamai." In kin zo ruga takan ba ki baya ta shiga gyaran ƙore, alhali tun safe take leƙen hanya. Ni auta nakan hau cinyarta, ke kuwa Goggo ce ta goye ki. Kin gyara tsakanin iyaye da 'ya'ya a Arewa kaf, taki uwar ba ki iya mata ba. Wanzami dai ba ya aske ƙeyarsa.

Da jiki ya yi tsanani na je ganinki da hantsi. Kin rame har awarwaronki yana zamewa. Kika ce kin san Iya tana son ki, da ilimi kin sani, da hankali kin sani, amma kunnenki bai sani ba. Kika yi dariya kika ce, "Dube ni, Faruku, gotai-gotai da ni, ina son uwata ta kira ni. Sau guda kawai."

Na ɗauki babur na tafi ruga na faɗa mata ba kwana-kwana. Wallahi na yi fushi a ranar, har na ɗaga murya. Iya ta tambaye ni wa ya sayar da karsanarsa don waccan ta tafi lakwal, lokacin da Baffa ya ce a'a. Ta ce ashe duk karatun nan waccan ba ta gane ba? Na ce ta gane, ji take son yi. Ta tashi ta ɗauki mayafi ta hau bayana.

Ta zauna a gindin gadonki, gefenta ta ba ki. Ta dama fura da hannunta ta riƙa ba ki da ludayi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga leɓɓanta suna motsi, na ga ta ja numfashi, sai abin da ya fito shi ne, "Ke, ƙara kaɗan." Kika ƙara. Kika kama yatsanta kika ce ba komai, Iya. Haka aka yi ta yi, kullum tana shiri, kullum harshen yana ƙi, har ranar Talata.

Da aka gama sutura aka ɗauko makara, mata suna ta kuka, Iya tana zaune ido bushe, yadda aka san uwar fari da yi. Mun kai bakin zaure sai na ji muryarta a bayanmu. Ba ihu ta yi ba. Irin kiran nan ne na uwar da ɗiyarta ta fita ta mance takalmi.

"Nazifa. Nazifa, tsaya mana."

Na tsaya cak, Adda. Sai da wani ya karɓi gefen makarar daga kafaɗata.

Tun daga ranar bakinta bai huta ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce masa Nazifa ce ta rasu, Nazifa ɗiyarta ta fari, Nazifar da take gyaran yaran mutane. Tsofaffi suna kallonta da mamaki, ba ta ko kula. Ni kuwa kowane kira yana tsaga mini zuciya, don kowa yana ji ban da mai sunan.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Abdulhakim, wanda ya yi jinyarki bai taɓa ɓata fuska ba, da 'ya'yanki Afra'u da Hidaya, da ɗalibanki, da duk gidan da kika taɓa zama a tabarmarsa. Allah ya ba mu haƙuri, ya fi ba Iya.

Allah ya jiƙan ki, Adda, ya yafe kurakuranki, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinki. Ya sa duk yaron da aka dafa wa kai saboda ke ya zama nauyi a mizaninki. Ya Allah, in ka tara mu a Aljanna, ka haɗa ta da uwarta, ka sa ta ji da kunnenta. Iya ta riga ta iya faɗa yanzu.