Gonar Ilu Dogo a Shagon Nafi'u

Duk wanda ya taɓa shiga shagon wasannin kwamfuta na Nafi'u da ke bakin hanyar Zango ya san mutum ɗaya ne a faɗin Daura yake sa malfa a cikin ɗaki, a ƙarƙashin fanka. Ilu Dogo ke nan, Allah Ya ji ƙansa. Zai shigo ya jingine sandarsa, ya naɗe ƙafar wando zuwa ƙwauri, ya ɗaure igiyar malfa a haɓa, sannan ya ja kujerar roba gaban tsohuwar kwamfutar da ke can lungu ya yi bisimilla. Daga nan in ka ce masa ina kwana ba zai kula ka ba. Sai ka ce sannu da aiki, don gona ya shiga.

Ku da kuka san shi kun san ba hauka ba ne. Ilu manomi ne na gaske, yana da gona a hanyar Dutsi da ’yan shanunsa. Gari ya yi ta matsowa har ya cinye gonar, ’ya’ya suka matsa aka yanka ta filoti, shanu suka bi ta hanyar asibiti lokacin jinyar matarsa, gwiwoyi kuma suka ce sun gaji. Yana zaune haka nan ba aikin fari ba na baƙi, wata rana ya kai wayarsa caji shagon Nafi'u, ya hango gona a cikin kwamfuta, da kunya-kunya, da shanu suna kaɗa wutsiya. Ya tambaya ko ta wane ne. Nafi'u ya ce ta duk wanda ya zauna ce. Ilu ya zauna, bai sake tashi ba sai da aka tashe shi.

Ni ne abokin zamansa a wurin, ni Bawa, wanda aji biyu na yi a firamare malami ya je har gida ya roƙi babana ya mai da ni kiwo. Wasan tuƙa babbar mota nake yi, kuma ban taɓa kai kaya inda aka aike ni ba. Ilu yakan ce da a titin gaske ne, da tuni na rage wa Daura rabin jama'arta.

A lokacin, sana'ar shagon a fili take. Ka kawo waya ko memori, Nafi'u ya zuba maka wasannin da kake so, ka tafi gida, sun zama naka har wayar ta mutu. Wanda ba shi da babbar waya ya zauna gaban kwamfuta ya yi na awa. Shi ke nan. Kowa ya san abin da ya saya.

Rigimar Ilu ta farko da wasan a kan shuka ce. Wasan yana barin mutum ya yi shuka kowace rana, amma Ilu ya ce shi ba zai zuba iri a rani ba. Nafi'u ya yi masa bayani har ya gaji, cewa a can ciki kullum damina ce. Ilu ya ce Bature ne ya ga dama ya yi tasa ƙasar haka, amma kwamfutar a Daura take zaune, don haka sai an yi ruwa a Daura. Duk tsawon rani zai zo ya biya awarsa, ya ba shanu abinci, ya gyara shinge, ya zauna yana kallon fili fetal. Shanun ma ba ya sayarwa sai ranar da kasuwar Mai'aduwa ke ci. Akwai ranar da wasan ya yi masa tayi mai kyau a kan wani bijimi ranar Talata, Nafi'u yana ta cewa Baba danna, Baba danna. Ilu ya ɗauke hannu ya ce:

"Wanda ya zo sayen sa ranar Talata, ko ɓarawo ne ko bai san sa ba. Duka biyun ba na ciniki da su."

Shekarar da ya yi girbi mai yawa, sai damuwar zakka ta kama shi. Ya tare limamin unguwarmu bayan La'asar, ya ce rumbunansa sun cika, me ya hau kansa? Liman ya yi murna, ya fara lissafo masa hukunci, sai da aka yi nisa ya tambayi inda gonar take. Da ya ji, ya ce to hatsin ana cin sa? Ilu ya ce shi dai bai taɓa ci ba, amma shanu suna ci suna ƙiba. Liman ya ce ba komai a kansa, sai dai in yana son yin sadaka da geron gaske. Kun san Ilu da rowa. Nan take ya ce a'a, abin da aka noma shi ake fitarwa, Malam ya zo shago da buhu ya ɗebi rabonsa.

Da abin ya tsaya a nan, da dariya kawai zan ba ku. Amma Nafi'u ya je Kano ya ga yadda ake yi, ya dawo da manyan talabijin guda biyu da wasan ƙwallo. Ya ce zuba wasa a memori ya wuce, yanzu kowa daga kasuwar cikin waya yake saukewa, da data. Ya kwashe kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ya jera benci. Ta Ilu kaɗai ta rage a lungu, tana gurnani kamar tsohuwar akuya.

Nan bakin kwastomomi ya rabu. Samari suka ce yanzu shago ya zama shago. Isuhu tela, wanda yake zuwa a zuba masa wasan kati, ya ce abin da ake yi yanzu ba saye ba ne, haya ce: ka sauke wasa yau, gobe ya ƙi buɗewa sai ka sa data, jibi a ce an sabunta shi wayarka ta yi masa tsufa. Wasu suka ce laifin Nafi'u ne, wasu suka ce shi ma bin iska yake. Ni kuwa ra'ayina yana bin wanda ya sayi shayi a ranar. Ilu dai magana ɗaya ce a bakinsa, kun san ta: "Kwastoma bai yarda ba." In an ƙara ƙarar talabijin, kwastoma bai yarda ba. In an matsar da fanka wajen ’yan ƙwallo, kwastoma bai yarda ba. Nafi'u yakan ce, Baba, kwastomomin ai da yawa. Ilu ya ce sauran masu ihu ne.

Har yaji ya shirya mana. Ya tara mu, ni da Isuhu da wasu tsofaffi biyu da ba su taɓa yin wasan komai ba sai shan iska, ya ce kada wanda ya sake taka shagon sai an dawo da tsarin da. Muka zauna a gindin dalbejiyar da ke tsallaken titi muna harare-harare. Ba wanda ya lura da mu. Shago ya cika maƙil, ana ta ihun an ci. Washegari na iso da wuri don in riƙe wurin zamana a yajin, sai na hango malfa a lungu. Na leƙa na ce, kai Ilu, ina yajin?

Bai ko juyo ba. "Da Nafi'u nake yaji. Shanun me suka yi mini?"

Shi Nafi'u ba mugun yaro ba ne, kada ku ɗauka haka. Haya yake biya, man janareta yake saye, kuma kwamfutar Ilu ta tare wurin da benci guda zai shiga. Da ya yanke shawarar sayar da ita, sai da ya fara neman mafita. Ya karɓi wayar da ɗan Ilu ya aiko masa, ya nemi wasan a kasuwar cikin waya. Tsohon babu shi, masu shi sun janye shi, sun sa sabo. Ya sauke masa sabon. Ilu ya duba, ya ga ba gonarsa ba ce, ba shanunsa ba ne. Ya daure ya yi shuka, kafin ya gyara zama gero ya nuna. Ya je ba saniya ruwa, sai wata mata ta fito tana tallar sabulu, aka ce sai ya gama kallonta. Ya nemi faɗaɗa shinge, aka ce ya sa katin banki ya biya.

Nafi'u ya nuna masa wurin da masu saukewa ke ba da taurari su faɗi ra'ayinsu. Ya ce mutane daga ko'ina suna ta kuka a kan haka, wasu na cewa a dawo da tsohon, wasu na cewa sabon ya fi kyan gani. Ilu ya tambaya ko masu wasan suna gani. Aka ce suna gani. Ya gyara malfa ya ce a ba su tauraro ɗaya, shi ma don ba a iya ba da rabi. Sannan ya yi ta faɗa Nafi'u yana dannawa: cewa ba su san noma ba, geron da bai sha rana ba ƙaiƙayi ne, kuma wanda ya sa talla tsakanin saniya da ruwa ba zai gama lafiya ba. Kafin a kira Azahar amsa ta zo da Turanci. Nafi'u ya karanta ya ce sun gode, kuma ra'ayinsa yana da muhimmanci a wurinsu.

Ilu ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Bawa, na zagi mutane suna godiya. Babu kowa a gidan nan." Ya mayar da ita aljihu, bai sake buɗe wasan ba.

Ya nemi ya sayi kwamfutar ya kai gida. ’Ya’yansa suka ce wutar da ba ta zuwa, wa zai riƙa tayar masa da janareta don shanun ƙarya? Magana ta mutu a nan.

Ranar da mai saye ya zo daga Kano, wani saurayi mai gyaran kwamfutoci, Ilu ya riga kowa zuwa, da wankakkiyar riga. Ya kira ni da Isuhu ya ce mu tsaya shaida, don ba a miƙa gona ba shaidu. Ya sa aka kunna, ya zaunar da baƙon kusa da shi, ya zaga da shi iyaka kusurwa huɗu. Ya nuna masa inda ruwa ke kwanciya, da gefen da gyaɗa ta fi so. Ya kira shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan Goje ce, ba ta son a fara ba wata abinci kafin ita, waccan kuma ciki gare ta, a yi haƙuri da ita. Ya ce ba ya neman ko sisi a kansu, amana ce kawai. Samari suka rage ƙarar ƙwallo suna dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, abin da ban dariya.

Baƙon ya saurara da ladabi har ƙarshe. Sannan ya dubi Nafi'u, ya dubi Ilu, ya ce:

"Baba, ai goge komai zan yi. Wani mai shagon buga takardu ne zai saya."

Ilu ya ce, gogewa kamar yaya? Yaron ya ce kamar ba a taɓa yi ba.

Muka jira ya ce kwastoma bai yarda ba. Wallahi har Nafi'u jira yake, da alama da ya faɗa zai fi masa sauƙi. Bai faɗa ba. Ya warware ƙafar wandonsa, ya ɗauki sanda, ya ce mana shaidu mun gode, a tashi. Aka zare wayoyi, aka ɗaura kwamfutar a bayan babur da igiyar roba.

Shagon ma bai yi albarkar da aka zata ba. Ba a daɗe ba samarin suka samu ƙwallon a wayoyinsu, suka daina zuwa. Nafi'u ya sayar da talabijin ɗin, yanzu rigar waya yake sayarwa da cire wa mutane kuɗi. Isuhu ya koma wasan kati na takarda. Ni kuma ba motar da zan kayar. Masu cewa a canza da masu cewa kada a canza, duk mun watse, kuma ba wanda aka tambaya a cikinmu tun farko.

Ilu bai sake fitowa bakin titi ba. Nakan je in same shi a zaure, mu zauna tare. Ciwon da ya kwantar da shi na ƙirji ne, ban ce kwamfuta ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma zuwana na ƙarshe, bayan ’ya’yan sun fita, ya jawo hannuna ya ce akwai abin da yake son sani, kuma kada in yi masa dariya. Shanun nan da aka goge, yanka ne ko mushe?

Na ce yanka ne. Na ce Nafi'u ya tabbatar mini, sai da aka fuskantar da su gabas.

Ya dube ni, irin duban da yake yi mini in na kayar da mota. Ya san aji biyu na yi, ya san ban san komai a kai ba. Amma ya ce alhamdu lillahi, ya saki hannuna, ya juya ya fuskanci bango.

Allah Ka ji ƙan Ilu, Ka yafe masa rowarsa da taurin kansa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba shi fili mai faɗi a inda ba a yanka filoti, wanda ba mai tashinsa daga ciki. Mu da muka rage a bakin titi ba wurin zama, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.