Mai Gwajin Saƙon Rigakafi

A tashar Filingué, ƙarƙashin rumfar masu jiran motar Abala, wata mata tana zaune da kwamfuta bisa cinyarta. Lallen hannunta ya soma dishewa, ƙafar gilashinta ɗaya a ɗaure take da zare. Ba ta kallon kowa.

Ban san sunanta ba, amma wayar da take yi ta sanar da ni aikinta. Manhaja take gwadawa, wadda za ta riƙa tura wa masu goyo saƙon ranar rigakafi. Domin gwajin ya yi sauri, abokin aikinta ya cire ɓangaren da ke tura saƙon, ya sa na bogi a madadinsa, wanda kullum amsarsa ɗaya ce: saƙo ya tafi.

"Fahad, na gani, komai ya yi kore," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Amma kai a Yamai ka rubuta shi. Na bogin nan naka bai taɓa rasa rezon waya ba."

Ta ajiye wayar, ta canza layi biyu a rubutun manhajar, ta koya wa na bogin ya ce saƙo bai tafi ba. Tana dannawa, allon ya cika da ja, alamar kurakuran da koren ya ɓoye.

Wataƙila ƴar wani ƙauye ce a wajen Tabla, inda sai an hau tudu ake samun kira. Wataƙila tana da ƙanwa mai goyo a can.

Motar Abala ta cika, ta tashi ba da ita ba. Tana bin jan layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kuma sai yanzu na ga fuskarta ta saki.