Kan da ya yi wata bakwai a ɗaure

Duk Ƙofar Guga an san gashina, a je a tambaya. In na tsefe shi har gadon bayana yake sauka. Goggo, ƙanwar ubana, ita ke yi mini kitso duk sati biyu, ko da na yi aure ba ta fasa ba.

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo, aka ƙara wa maigidana girma a ofis, aka ba shi gida a GRA. Mutum ne mai fara'a a waje, kowa cewa yake na yi dace. Ya sayo madubi tsawon mutum ya kafa a falo, nan yake tsayawa kullum yana gyara hula.

Ba ya duka. Da duka ne da na samu abin nunawa. In na sa kwalli, sai ya yi murmushi ya ce, "Wa za ya zo yau?" In ban sa ba, ya ce, "Dibi matar babban ma'aikaci, kamar mai tallan fura." Wata rana abokinsa ya zo da matarsa, ta yaba shukun da Goggo ta yi mini, a gabansa. Ya taya ta yabo yana dariya. Da suka tafi, kwana tara bai ce mini uffan ba. A na goma ya ce warin man shanu na sa shi ciwon kai, a gaya wa tsohuwar ta huta.

Ni na aika mata, da bakina.

Ƙunshi na fara bari, don ƙafa in tana naɗe da lalle ba ka tashi da sauri in ka ji mota. Wanka kuwa sai in watsa ruwa in fito, kunnena na bakin ƙofa. Kai na ɗaure shi da kallabi, ban ƙara tsefewa ba. In zan wuce madubin, sai in juya fuska bango.

Wata na bakwai, da hantsi, yana ofis, sai ga Goggo ba aike. Ba mu gama gaisawa ba ta miƙe ƙafa a tabarma, ta bugi cinyarta.

"Kawo kan nan."

"Goggo, ya kusa dawowa."

"Shi zan yi wa kitson? Kawo, ɗiyar nan."

Ta kwance kallabin. Tsinke ya ƙi shiga. Gashin ya dunƙule wuri guda, ƙarƙashinsa duk ƙuraje.

"Wannan ya wuce tsinke, sai aska. Mi ya yi maki?"

Na yi lissafi a raina. Abinci akwai, atamfa akwati uku. Na ce, "Ba komi."

"To ba komin ya kusa cinye ki."

Sai ƙarar mota. Na kai hannu ga kallabin, Goggo ta danne shi da gwiwa.

Ya shigo, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, idonsa na kan kaina. Ta ce za ta tafi da ni gida a yi mini magani. Ya ce ai ya dace, direba ma ya kai mu. Ina ɗaukar mayafi ya matso, yana murmushin nan, ya ce a hankali, "Za ki dawo. Wa zai dube ki haka?"

Ban koma ba. Goggo ta aske ni tas a tsakar gidanmu. Gashi ya sake fitowa, amma bai kai rabin na da ba.

Maigidan ya daɗe da rasuwa. Har yau in na ɗauki tandun kwalli, sai na tsaya na saurari titi tukuna.