Don Allah kada ku goge kwamfutar Nafi'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina shirin tafiya makaranta aka kira ni, wai Nafi'u ya rasu. Zazzaɓi ne kawai fa. Kafin azahar mun kai shi.

Har yanzu gaskiya raina a ɓace yake.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muke koyar da kwamfuta a wata sakandare nan wajen Ɗanbatta. Shi ya koya min rabin abin da na iya. In wayarka ta lalace zai gyara, ya haɗa maka da shayi.

A ɗakinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, tana cin wutar sola dare da rana. Saba ce, wato kwamfutar da ke ajiye abubuwa tana raba wa wayoyi, ya haɗa da hannunsa. Duk wanda ya hau wayfay ɗin gidan zai ga hotunan dangi, da finafinan da samarin unguwa ke kallo, da karatun mahaifinsa, marigayi Malam, wanda ya kwaso daga tsofaffin kaset. Kaset ɗin duk sun mutu yanzu. Muryar Malam babu ita ko'ina sai cikin wannan akwati.

Kowane aiki ya ware masa kwantenarsa, wato ɗan ɗakinsa a cikin na'urar, babu mai leƙa wani. Na fim daban, na hotuna daban. Na karatun kuwa ya ba shi kwamfuta sukutum a cikin kwamfutar, ya sa masa suna "Inna", don mahaifiyarsa ke saurara a wayarta kullum bayan asuba.

Nakan tsokane shi, "Kai dai kana son wahala, ka zuba su wuri ɗaya mana."

Sai ya ce, "Malam Auwalu, kai wake da gero rumbu ɗaya kake zuba su? In ƙwaro ya shiga fa?"

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwa ne. Na same shi kwance, amma yana dariya. Samarin sun sauko da wani shirme daga intanet, bayiros, cutar kwamfuta, ya cinye ɓangaren fim kaf. Ya nuna min allo ya ce, "Ka gani? Nan kaɗai ya ci. Bari zazzaɓin nan ya sake ni in share shi in sake wani."

To ga abin da ya ƙona min rai yau.

Mun dawo daga maƙabarta na leƙa ɗakinsa, sai na tarar an zare sabar daga soket. An jona doguwar waya, 'yan zaman makoki sun jera wayoyinsu suna caji. Haba jama'a! Mutum ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Na tambayi babban wansa, Yaya Habu. Ya ce ai samari sun gaya masa injin ya kamu da cuta, fim ba ya buɗewa. Bayan sadakar uku zai kai wa mai gyaran waya a kasuwa ya yi mata fomatin, a goge komai, yara su samu ta karatu.

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada a taɓa ta. Ɓangare ɗaya ne ya lalace."

Ya ce, "Cuta in ta shiga ai ta shiga, Malam."

Wallahi sai da na fita waje na sha iska. Ba mugunta yake yi ba, na sani. Amma Nafi'u ya sha yin bayanin nan, babu wanda ya tsaya ya ji, sai dai a zo a karɓi fim a wuce.

Ina tsaye a zaure aka ce Inna na kira. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta miƙo min wayarta ta ce, "Auwalu, duba min abin nan. Ina so in ji Malam, ya ƙi zuwa. Ko shi ma ya tafi ne?"

Na mayar mata da wayar, na koma ɗakin, na zare wayoyin mutane, wanda zai yi fushi ya yi. Na mayar da sabar na kunna. Ɓangaren fim bai tashi ba. Na hotuna ya tashi. Can sai ɓangaren "Inna" ya kawo koriyar wuta, alamar ya tashi.

Daga tsakar gida na jiyo muryar Malam ta fara bisimilla a wayar Inna. Yaya Habu ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana saurare.

'Yan uwa da ke karanta wannan, ku taya ni yi masa magana, har yanzu bai ce ya fasa gogewar ba.

Allah ya jiƙan Nafi'u, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Malam a Aljanna, ya ba Inna haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.