Alhajin da Ya Hau Tsauni da Silifas

Shekara biyar na yi ina aiki a wani sito a Jebel Ali, ina kula da shigowar kwantena da fitarsu. Ɗakina kuwa yana can Dubai Investments Park, inda ba abin da ido ke gani sai masana'antu da dogayen gidajen ma'aikata. Ni haifaffen Jos ne. Mahaifina direban babbar mota ne, dankali yake ɗauka zuwa kudu, kuma a gefensa na koyi yadda ake sauka gangara da kaya ba tare da an kashe kowa ba. Shi ya sa duk lokacin da sanyi ya shigo, wajen watan Janairu, nakan ari a-kori-kurar wurin aikinmu ranar Asabar in nufi tsaunin Jebel Jais da ke Ras al Khaimah. Iskar wurin tana kama da ta gida.

Abin da ke ɓata mini wannan tafiya shi ne mutanen birni. Da zarar an ce ƙanƙara ta sauka a kan tsaunin, hoto ya zaga wayoyi, sai ka ga Dubai ta kwaso kanta ta taho. Mutanen da duk tuƙinsu a kan miƙaƙƙen titi ne mai layi shida, waɗanda ba su taɓa buɗe gaban motarsu ba, su ne za su hau dutse cikin ruwa da hazo, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da waya. Ba rigar sanyi, ba igiya, ba ko bargo. Na ja da yawa daga cikinsu daga taɓo, Larabawa da Indiyawa da Turawa, na kuma manta fuskokinsu. Guda ɗaya ne ya tsaya mini a rai, watakila don namu ne.

Ranar na hau tun bayan asuba, na sha shayina a sama, da hantsi na fara saukowa. An yi ruwa da ƙanƙara kafin gari ya waye, titi ya yi santsi, gajimare ya sauko har ba ka ganin abin da ya wuce tsawon mota uku. A wata kwana mai kaifi na hango wata doguwar farar mota, irin ta haya da ake ɗauka don a gani, ta bar kwalta ta cusa ƙafafunta na baya cikin laka da tsakuwa. Tsakaninta da ƙarfen da ke tare kwazazzabo bai fi taku biyu ba. Tun kafin in tsaya ƙaurin birki ya dake ni.

Mai motar yana tsaye a tsakiyar titi, cikin farar shadda mai shara-shara da silifas na fata, da baƙin tabarau a wannan hazon. Ya ga kakin aiki a jikina da tsohuwar mota, sai ya kaɗa mini yatsu kamar mai kiran ɗan dako.

"Habibi, yalla, yalla," ya ce, wato in yi sauri da Larabci, yana nuna tayoyin.

Na ce, "Salamu alaikum. Lafiya dai ko?"

Ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa. "Au, Bahaushe ne? To madalla. Malam, motar nan ce ba ta da kyau, kamfanin hayar sun cuce ni."

Na zaga motar. Ba abin da ya same ta sai shi. Tun daga ƙolin tsaunin ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba, har birkin ya yi zafi ya daina kamawa, ya zo kwana ya murɗe sitiyari da ƙarfi, motar ta juya. Da ta kafe kuma ya yi ta taka totur har tayoyin suka haƙa wa kansu rami. Lokacin da na iso yana shirin kwara ruwan gora a kan ƙarfen birkin da ke hayaƙi. Na karɓe gorar daga hannunsa.

"Alhaji, da wace giya ka sauko?"

"Ai otomatik ce," ya ce, kamar ya ƙure ni.

Na leƙa cikin motar. Matarsa na gaba ta ƙudundune cikin mayafi, a baya kuma wata tsohuwa ce zaune, hannuwanta cikin cinyoyinta, leɓɓanta na rawa. An kashe injin, motar ta yi sanyi kamar firji. Na tambayi dalili, matar ta ce a hankali man ya kusa ƙarewa, fitilar gargaɗi ta kunna tun suna hawa, shi ya sa ya hana a kunna abin ɗumama mota. Tsohuwar mahaifiyarsa ce. Daga Kano ya kawo ta ganin likitan ƙafa, ya ce sai ta ga ƙanƙara kafin ta koma. Shi ɗan kasuwa ne, ofishinsa na jigilar kaya yana unguwar Port Saeed a Dubai, wannan kam ya faɗa mini sau uku kafin in gama ɗaura igiyar jan motar.

Na buɗe ƙofar baya na durƙusa. "Sannu, Hajiya. Bari in mayar da ke motata, akwai ɗumi."

"Sannu ɗan nan," ta ce. "Ƙafafun ne ba na jin su."

Ni da matar muka tallafe ta zuwa a-kori-kura, na lulluɓe ta da bargon da nake ajiyewa bayan kujera, na zuba mata sauran shayin da ke fulas. Duk wannan Alhaji yana can yana ɗaga waya sama yana neman sabis, yana cewa zai kira wani babban mutum da ya sani.

Na ce masa ya zo ya taya ni cusa duwatsu ƙarƙashin taya. Ya dubi lakar, ya dubi shaddarsa, ya ɗauko wani ɗan dutse da bai kai lemo ba ya miƙo mini da yatsu biyu. Na ce ya bar shi, ya shiga ya riƙe sitiyari, kada ya taɓa totur sai na ɗaga hannu. Ina fara ja ya taka shi har ƙasa. Laka ta wanke mini gilas, igiya ta kusa tsinkewa. Na sauko na ce ya fito. Matar na tambaya ko ta iya tuƙi, ta ce tana da lasisi amma ba ya barinta. Ita ta zauna, ta yi daidai yadda na ce, a jan farko motar ta hau kwalta.

Muka jira kusan rabin awa birkin ya huce. Na zuba masa mai daga jarkar da nake tafiya da ita, na nuna masa yadda ake mayar da ita giyar ƙasa, motar ta riƙe kanta a gangara. Ya ce ai ya sani, mantawa ya yi. Ya karɓi makulli daga hannun matar ba tare da ya dube ta ba.

Da ya zo ɗaukar mahaifiyarsa, ta ƙi motsi.

"Hajiya, ki taso mu tafi, khalas, shi ke nan, an gyara."

"Ka je. Ni a nan zan sauka dutsen nan."

"Motar kaya ce fa."

"Na gani."

Haka muka sauko, ni a gaba a hankali, shi a baya yana ta matso ni yana kunna mini fitila. A hanya Hajiya ta tambaye ni garinmu da iyayena, ta yi wa mahaifina addu'a da na ce ya rasu. Game da ɗanta abu ɗaya kawai ta ce, wai tun yana ƙarami ba ya son a nuna masa abu. Daga nan barci ya ɗauke ta.

A gidan man da ke gindin tsaunin na tsaya, na ɗauka a nan za ta koma wurinsu. Alhaji ya sha mai, ya leƙo ta tagata ya ga tana barci, ya ce tunda ai Dubai za ni, in ƙarasa da ita, ya faɗa mini sunan ginin. Muna hawa babban titi ya wuce ni da gudu kamar an biyo shi.

Bayan azahar na isa Port Saeed. Matar ce ta sauko da kujerar guragu, ta yi ta godiya kanta a ƙasa, ta ce Alhaji yana wanka. Hajiya ta riƙe hannuna ta ce in hau in ci abinci. Na ce mata ana jiran motar a wurin aiki. Na jira har suka shiga lif, sannan na nemi wurin wankin mota, don ba zan mayar da ita da wannan lakar ba.